Ranar da Kawu Ya Kai Kansa Caji Ofis

Jiharmu ba ta daɗe da cika shekara goma ba lokacin da na buɗe shagon intanet a Gwadangaji. Gonar da na gada na sayar, na sayi tsofaffin kwamfutoci 'yan kaɗan da wani janareto mai yawan tari. Mafi lafiya cikinsu ita ce wadda ke kan teburina, ita ke raba wa sauran intanet, in ta tsaya shago ya tsaya. A shekarun nan 'yan sanda sun sa wa irin shagunanmu ido saboda 'yan damfara. In suka ɗauke maka kwamfuta don bincike, kafin a gama ka tsiyace, shi ya sa ko kakin ɗan sanda na hango a titi sai gabana ya faɗi.

Wata safiya sai ga kawuna, wan mahaifiyata, ya zo daga Argungu. Masunci ne, dogo, maras yawan magana, in ya kafe a kan abu kuwa ko jaki bai kai shi ba. Wani ɗan kasuwar albasa ne ya gaya masa akwai shafin da Turawa ke sayar da injin kwalekwale da araha, har ya turo adireshin cikin saƙo zuwa shagona. Na buɗe saƙon a kwamfutar teburina, na nuna masa layin rubutu mai shuɗi, na ce nan ake latsawa. Kawu ya ce tunda cinikinsa ne, shi zai latsa da hannunsa. Ya yi bisimilla, ya ɗora ƙaton yatsansa a kan maus, ɗan abin latsawar, ya danna kamar mai kashe kunama.

Babu inji ko ɗaya da ya fito. Wani tambari ne ya cika allon, na 'yan sandan wata ƙasar Turawa, da jan rubutu a ƙarƙashinsa. Na karanta, na sake karantawa.

"Mi anka rubuta?" in ji Kawu.

Na fassara masa: hukuma ta ƙwace shafin saboda masu shi 'yan damfara ne, kuma tana iya bin sawun duk wanda ya shigo. Kafin in rufe baki ɗaliban da ke shagon sun taso sun yi cirko-cirko a bayanmu, har da wani ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, da ya leƙo shan inuwa. Na rufe shafin, na ce kowa ya koma wurinsa, ba komai ba ne.

Kawu ya miƙe ya gyara hularsa. "Tashi mu tahi wurin 'yan sanda."

"Kawu, mu kai kanmu? Wa ya kira mu?"

"Ruwan da anka ruhe na, ɗana. Na sa hannu ciki."

Na san abin da yake nufi. A wajensu, in sarkin ruwa ya rufe wani gurbi don kifi ya hayayyafa, ba mai jefa homa, wato ragar kamun kifi, sai ranar da aka buɗe. In kuwa tsautsayi ya ja homarka ciki, kai da kanka za ka je ka faɗa tun wani bai riga ka ba. Wanda ya kai kansa akan yi masa faɗa a sallame shi, wanda aka kamo kuwa sunansa ɓarawon ruwa har jikokinsa. Na yi ta yi masa bayani cewa waɗannan 'yan sandan suna bayan teku, ba su san da mu ba, namu kuma ba su san da su ba. Ya ce hukuma ai hukuma ce, ta can da ta nan duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Wallahi ranar na ji haushinsa har cikin raina, ina biye da shi ina ƙunƙuni kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa.

Abin da ya kashe mini jiki shi ne, muna isa kantar caji ofis, sajan ya dube ni ya ce, "Kai ne mai shagon Gwadangaji? Yanzu muke shirin zuwa." Ashe labari ya riga mu, kuma ya yi ƙiba a hanya, har an ce wai Turawa sun aiko a kama ni.

Kawu ya matsa gabana. "Yallaɓai, ni nit taɓa, ba yaron ga ba. Ga yatsan." Ya ɗaga shi sama, duk wanda ke wurin ya fashe da dariya ban da shi.

Aka kai mu gaban babbansu, mutum mai natsuwa. Ya saurare mu, ya ce buɗe shafi kawai ba laifi ba ne, laifi yana wajen wanda ya tura kuɗi ko ya haɗa baki da masu shi. Amma tunda magana ta fito, dole a kawo kwamfutar a duba, kuma jami'in da ya iya dubawa ya yi tafiya. Abin da nake gudu ke nan. Na ɗauko ta da hannuna, aka ajiye a lungun ofis kusa da wasu kekuna da suka yi tsatsa, na dubi kekunan na ji kamar in yi kuka.

"To ni ma a aje ni nan," in ji Kawu. "Inda kayan shaida yake, nan mai laihi ka zama."

Aka ce masa ba a tsare shi ba, ya tafi gida. Ya ce ya ji. Ya samu benci daidai ƙofar ofishin ya zauna. Kullum da safe sai ya riga masu shara zuwa, ba ya tashi sai salla, in magariba ta yi ya koma gidana. Duk jami'in da ya gifta sai ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Yallaɓai, mai duba akwatin ya dawo?" Ba faɗa, ba roƙo, gaisuwa kawai, amma gaisuwar ta hana su sakat. Ni da nake ganin ƙauyanci ne ya kawo mu, sai na koma ina kallonsa da mamaki, ban taɓa ganin mutum ya yi wa hukuma biyayya har ta gaji ba. Daga ƙarshe babban da kansa ya sa aka nemo jami'in. Ya duba, bai ga komai ba, aka miƙo mana kwamfutar. Kawu ya rungume ta a bayan kabu-kabu har shago, bai yarda ya tafi ba sai da ya ga ta kama aiki.

Washegari na raka shi Argungu. Tun daga bakin unguwarsu ƙamshin banda ya tare mu, kowane gida hayaƙi na tashi, mata na ta yankan kifi a ƙofa. Na tambayi wata tsohuwa, ta ce ai shekaranjiya aka buɗe gurbinsu. Wannan kamun shi ne abincin masunci na shekara, kuma tun kafin a haife ni Kawu bai taɓa fashinsa ba.

Na juyo na ce, "Kawu, ka san ranar?"

"Na sani mana," ya ce. "Shiga ka gaida mutan gida."

Na shiga. Gidansa kaɗai ne murhun banda yake a sanyaye, homarsa na rataye a bango a bushe.