'Yar Lasifika

Ƙanena ɗan kamasho ne a tashar mota, Lasifika ake ce masa. In ya kira fasinja daga bakin ƙofa, mai facin da ke can ƙarshen tasha sai ya toshe kunne. A gida ma haka yake, ko ruwa zai roƙa sai ka rantse gobara ta tashi.

Da matarsa ta haihu, yarinyar ta buɗe baki, ta yamutse fuska, ta yi jawur, amma babu kuka. Sai wani ɗan fito siriri in ta ja numfashi.

"Yaya, wannan 'yata ce kuwa?" ya tambaye ni, da wasa. Ba wanda ya yi dariya.

Likita ya zura wani siririn bututu mai kyamara ta hancinta, ya nuna mana a allo. Wai a maƙogwaro akwai 'yan tantani biyu masu buɗewa da rufewa, su ke ba da murya. Nata ɗaya ba ya motsi, haka aka haife ta.

"To a ba ta magani mana," in ji ƙanena.

"Ba na magani ba ne. Wataƙila ya farfaɗo da kansa, wataƙila a'a. A lura da ita wajen shan nono kada ta ƙware. In fiton ya yi ƙarfi ku kawo ta. In ta yi laƙwas ta yi shiru, ku kawo ta da gudu."

Muka fito a ruɗe. Ƙara matsala, shiru matsala, to me ake so mu ji? Ni kam haushi ya kama ni, ban ma san wa nake jin haushi ba.

Shi ƙanena tsoronsa ɗaya ne, kada ta yi ta kuka ba wanda ya sani. Ya hana kunna rediyo, ya shafa wa ƙofa mai, ya koma magana da raɗa. Maƙwabta har suka zo tambaya ko ya yi tafiya.

Wata safiya, bayan 'yan watanni, ina wanke mata jiki, sai ga kuka. A shaƙe, kamar na 'yar kyanwa, amma kuka ne. Uwar ta saki kwano. Shi kuwa yana zaune kusa da mu yana ɗaura takalmi.

"Me ya faru?"

"Ba ka ji ba?"

"Ji me?"

Ashe hon ɗin motoci da ihunsa sun daɗe da cinye masa kunne, bai sani ba, mu ma ba mu sani ba. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya rasa wadda zai gaskata. Na kamo yatsansa na ɗora a wuyan yarinyar, inda yake ɗan rawa.

Ya daɗe a haka. Can ya ce, da raɗa, "Yaya, kada ki lallashe ta tukuna."