Kawu da Famfon Bayan Gida

Ƙanin mahaifiyata mai gyaran agogo ne, amma 'yan layinsu Dawo-Dawo suke ce masa. Ba ya fita ya wuce kai tsaye. Sai ya kai bakin titi ya tsaya, ya shafa aljihu, ya juya.

Abin ya kama shi tun shekarar da silin ɗin wani abokinsa ya rufto. Mutumin ya buɗe famfo lokacin da babu ruwa, ya manta, ya yi tafiya. Ruwa ya dawo ya yi ta kwarara har ya ci bango. Shi kuma Kawu a saman bene yake haya, ƙarƙashinsa shagon mai katifa ne.

Ranar da 'yarsa ta bugo waya cewa an kwantar da mijinta a asibiti, matar Kawu ta haɗa jaka kafin shayi ya huce. Shi kuwa sai ga shi a kan tsani yana kwashe ganye daga indararo. Ya sauko ya ɗora akwatin agogunan mutane a saman kabad, ya bi kowane famfo ya murɗa har tafinsa ya yi ja, ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

"Malam, mota ba za ta jira mu ba fa," in ji matarsa.

"Kin taɓa ganin katifar da ta sha ruwa? Da me zan biya mutumin nan?"

Suna isa tasha ya ce ya yi mantuwa. Ya koma da gudu, ya zagaya bayan ginin, ya rufe babban kan famfo, sannan ya dawo yana haki.

A asibiti ma zama ya gagare shi. Ya gaida surukinsa, ya je taga ya dubi hadari, ya dawo, ya sake tashi. 'Yarsa ta ce, "Baba, kai ma in nema maka gado ne?"

Da abin ya ishe shi, ya kira mai katifa. "Ɗaga kai ka duba silin ɗinka. Akwai danshi?"

"Danshi kuma? Ai tun da kuka tafi ko ɗigo ba mu gani ba. Saye muke, alhali maƙwabta duk suna da ruwa."

Ashe kan da Kawu ya rufe na duk ginin ne. Murya ƙasa-ƙasa ya kwatanta masa wurin. Bai kashe wayar ba ya jiyo ƙarar ruwa a bokiti, da muryar matar mai katifa tana ambaton sunansa, ba da alheri ba.

Suruki ya samu sauƙi. Da suka koma, Kawu ya kira mai gyaran famfo ya saka masa nasa kan a bakin ƙofarsa. Matar mai katifa kuwa ta daɗe tana amsa gaisuwarsa da hanci.