Gorar da Auta Ta Shigo da Ita

Motarmu tsohuwa ce tun da muka saye ta, kuma ta daɗe ruwan rijiya kawai take sha. Da safe maigidana zai ɗebo a buta ya ɗura mata a lagireto. Sai da ta yi zafi a hanyar Dagumawa, tururi na tashi ta bonet, sannan ya kai ta gareji. Da bakanike ya kwance lagireton, abin da ya zubo kamar kunun kanwa, duk tsatsa ce. Ya wanke shi, ya zuba ruwan sanyaya inji na kanti, ja wur, ya ce kada a haɗa shi da irinsa mai launin kore, kada a koma wa ruwan rijiya, kada kuma a buɗe murfin sai inji ya huce. Ragowar ya juye a gorar ruwa ta roba ya ba maigidan, saboda ƙari idan ya ja baya.

Da maigidan ya dawo ya ba ni labari, ya ce abin guba ne, kuma wai zaƙi gare shi. Ya ɗora gorar can saman tagar zaure, inda ni ma sai na yi ɗage nake kaiwa. Daga nan na manta da ita.

Wata Juma'a ya fita da motar tun da hantsi, zai je Utai gaida mahaifiyarsa, ya yi sallah a can. Manyan yaran suna gidan yayata. Wajen azahar ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai ga autarmu, 'yar shekara uku, ta shigo daga zaure da gorar a hannu. Babu murfi, babu komai a ciki sai ɗan ja a gindinta. Leɓen yarinyar ja, haɓarta ja, gaban rigarta ma ja.

Na ce, "Auta, me kika sha?"

Ta ce, "Zoɓo."

"A ina kika samu?"

Ta nuna ƙofar zaure da gorar tana dariya.

Ban san lokacin da na saɓe ta ba. Hijabina a bai-bai na saka, gorar na riƙe gam, na fita ko ƙofa ban ja ba. A bakin titi na tare mai adaidaita na ce asibiti, yarinya ta sha guba. Bai tambaye ni komai ba.

Ranar kasuwa ce, titi ya cushe da manyan motocin shanu. Ya dinga kurɗawa ta lunguna yana cewa, "Hajiya, ki yi ta salati." Ina kiran wayar maigidan tana shiga ba a ɗauka, na san yana cikin masallaci. Ita kuwa auta tana kan cinyata tana nuna mini shanu. Duk sanda ta lumshe ido sai na girgiza ta.

A asibiti wata nas ta karɓi gorar ta shinshina, ta ce, "Kin ba ta manja, ko kin sa ta amai?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Kin kyauta. Nawa ne a ciki?"

Na nuna mata da yatsa, ya fi rabi. Na ga fuskarta ta canja, ta tafi kiran likita da sauri. Na zauna a ƙasa.

Likita yana duba idon yarinyar wayata ta yi ƙara. Maigidan ne, an idar da sallah. Na faɗa masa cikin kuka, ni kaina ban san abin da nake cewa ba.

Ya ce, "Tsaya, tsaya. Wace gora? Ta tagar zaure? Ai na juye ruwan duka a mota kafin na fita, na ga ya sauka ƙasa da layi. Gorar na jefa a kwandon shara."

Na ce, "Duka, Malam? Ka tabbata?"

"Wallahi duka. Har jijjiga ta na yi."

"To jan bakinta fa?"

Sai kawai ya ce ga shi nan tahowa.

Ba a jima ba maƙwabciyata ta kira. Ta leƙa gidan ta tarar da ƙofa a buɗe, kaji sun hau kan faifan shinkafa, ba kowa. Da na gaya mata inda muke ta yi salati ta ce, "Haba yaya, ai ni na ba ta zoɓo a kofi! Ta shigo ina ƙullawa, ta shanye, rabi a baki rabi a riga."

Na miƙa wa nas wayar don ta ji da kunnenta, ni kuwa na kifa kaina a kan gadon ina ta alhamdulillahi, hawaye na zuba, dariya na zuwa.

Likita bai sallame mu nan take ba. Ya ce ko ɗan abin da ya rage a gindin gora ba abin wasa ba ne ga yaro, sai an sa mata ido zuwa yamma. Muka zauna. Auta ta ci biskit, ta yi barci, ta tashi ta nemi ta bi nas ɗaki-ɗaki. Maigidan ya iso yana gumi, ya ɗauke ta ya rungume. Sannan ya ce daga yau ruwan nan a galan ɗinsa na kanti zai zauna, a kulle cikin but ɗin mota.

Bayan la'asar aka ce mu tafi, lafiyarta ƙalau. Sai a mota na tuna rabona da abinci tun karin kumallo. Maigidan ya tsaya a bakin gada wajen masu suyar kifi ya sayo mana da zafinsa, da yaji a takarda. A nan cikin motar na ci, ina cire wa auta ƙaya ina sa mata tsokar a baki.