Kullutun da bai sha rini ba

Yayata tana goyon ɗiyarta ta uku ta ji kullutu a nononta na hagu. A Waca take aure, ni ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Magariya. Ta fara gaya wa uwar mijinta, don ita ce babba a gidan. Tsohuwar ta latsa wurin, ta goge yatsanta a zane, ta ce, "Ciwon daji ne. Miƙo min yarinyar."

Ran nan aka raba su. Aka kai jaririyar garin Kwaya wurin ƙanwar mijin, ana ɗura mata kunu. Aka ware wa Yaya kwano da moɗa. Matan unguwa suka daina sayen ƙuli-ƙulinta, in ta soya sai ya kwana a faranti.

Ni na kai ta Damagaram. Aka yi mata hoto, likita ya ce akwai inuwar da bai yarda da ita ba, sai an tsakuro naman an duba. Mijinta ya hana ta waya, wai in ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake. Haka muka dawo. Nonon ya kumbura, ya yi zafi, ya ƙafe, kullutun yana nan.

Bayan kaka ɗan kawunmu da ke Kano ya ce mu zo. Can wata likita ta yi mata allurar wani ruwa mai kamar rini a jijiya, aka matse nonon a na'ura, aka ɗauki hoto. Yaya ta ce ta ji ɗumi har maƙogwaro. Likitar ta juyo mana da allon na'urar.

"Mugun nama yana shan ruwan nan, ya fito fari fat," in ji ta. "Naki bai sha ba. Nono ne ya taru ya daskare. Ba sai an yanka ba, ki dai dawo mu sake dubawa."

Yaya ta ce, "Ke nan da na ci gaba da shayarwa?"

Likitar ta ce, "Da ba abin da zai sami yarinyar."

Ba mu tsaya Waca ba, Kwaya muka wuce a babur. Muka tarar zawo ya cinye yarinyar, gashinta ya yi ja, ƙafafu kamar tsinke. Ba ta gane uwarta ba. Yaya ta sa mata nono a baki, ba ko ɗigo. Muka kawo ta asibitin Magariya, ba ta daɗe ba ta rasu.

A zaman makoki na faɗi abin da likitar ta ce, a gaban mata. Tsohuwar ba ta ko dube ni ba.

"Ai ta riga ta sha kafin mu karɓe ta," in ji ta. "Ciwon ya bar uwar ya koma jikin ɗiyar, shi ya sa hoton bai gan shi ba."

Matan suka gyaɗa kai. Wata ta yaba wa tsohuwar da ƙoƙarin da ta yi. Yaya na jingine da bango. Har yau a gidan take, ita ke dama wa tsohuwar fura.