Sitiyarin Bai Stoil

Duk wanda ya taɓa hawa bas daga Smolyan zuwa ƙauyukan kan dutse ya san direban nan Bai Stoil, ko bai san sunansa ba ya san masifarsa. Ni Donka ce kwandastarsa tun ina budurwa har furfura ta fito mini, kuma ban taɓa jin ya yabi tuƙin wani ba. Amma fa ya iya, wannan ko maƙiyinsa ya sani.

Bayan ya yi ritaya sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun hagu ya yi sanyi. Aka karɓe lasisinsa. 'Yarsa Temenuga ta ɗauko shi daga ƙauye ta ajiye shi a gidanta na saman bene. Ƙauyen nasu yanzu ko bas ba ya zuwa, wanda ba ya tuƙi ba zai iya zama a can ba. Likita ya ce a dawo da kaka, in hannun ya iya riƙe sitiyari za a mayar masa da lasisi.

Mijin Temenuga yana da na'urar wasan tseren mota. Ya miƙa wa tsohon ɗan abin dannawa mai maɓallai, wai yatsu su motsa. Bai Stoil ya jujjuya shi ya ce, "Wannan sabulun wanka ne ko me? Da babban yatsa ake tuƙa mota a gidanku?"

Dole aka nemo masa sitiyarin wasa, mai birki da totur a ƙasa, aka ɗaure a teburin cin abinci. Sharaɗinsa ɗaya, a kashe duk wani taimakon da na'urar ke yi wa mai tuƙi. Ya ce shi ba ɗan koyo ba ne.

Duk Lahadi nakan kai masa banitsa, gurasar nan tamu mai cuku, in zauna kallo. Abin ba daɗin gani. Kwanar dama yakan sha ta lafiya, ta hagu sai hannun ya zame, mota ta daki katanga. Na ce, "Bai Stoil, da da fasinja a ciki yau sai makoki."

"Rufe mini baki, ke da ko keke ba ki iya ba."

Ya rame, ya daina faɗa da kowa, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Temenuga ta kasa jurewa. Ta shiga saitin wasan a ɓoye ta kunna taimakon sitiyari da na birki. Ta faɗa mini a kicin, na ce ba ruwana, amma gaskiya ban ga laifinta ba.

Sai ga tsoho yana shan kwana kamar da. Masifa ta dawo, cin abinci ya dawo. Ya sa aka wanke tsohuwar motarsa, ya aika a gyara masa murhun ƙauye kafin sanyi.

Ana saura 'yan kwanaki ya ga likita, ina zaune a gefensa, atishawa ta kama shi daidai bakin wata muguwar kwanar hagu. Ya saki sitiyari yana laluben hankici. Motar ta rage gudu da kanta, ta sha kwanar tsaf.

Ya ɗora hannayensa a cinya, ya bar ƙafa a kan totur, yana kallo. Motar ta sha kwana ta biyu, ta sha ta uku.

Temenuga ta fito daga kicin ta tsaya. Ta ce, "Tate, babana, don Allah ka saurare ni, so nake kawai in ga ka..."

"Tun yaushe?"

Sai hawaye ya zubo mata. Ni ma na rasa inda zan sa idona, tausayinsu duka biyu ya cika ni.

Ya juyo ya dube ni, ba faɗa ba zagi. Ya ce, "Donka, ashe duk kwanakin nan fasinja ne ni."

Ranar ganin likita bai je ba. Ya ce wa surukinsa ya kwance sitiyarin daga teburin, mutane su samu wurin cin abinci.