Dolen da Ɗana Ya Kasa Faɗa wa Kawunsa

Kafin in koma Makka da zama, na yi shekaru ina fassara labarai a gidan rediyo. A can aka koya mini cewa "gwamnati ta umarci" daban, "ta buƙaci" daban, "ta yi kira ga" kuma daban, kuma wanda ya cakuɗa su ya yi wa mai sauraro ƙarya. Ɗana na fari a unguwar Hindawiyya ta Makka ya girma. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa dangi na yi mata dariya.

Da ya gama karatu, wani kamfani ya ba shi aikinsa na farko: haɗa intanet a wani otal na alhazai a unguwar Jarwal, a miƙa kafin azumi. Cikin ma'aikatan da aka sa a ƙarƙashinsa har da yayan mahaifiyarsa, wanda ya daɗe yana jan waya a gine-ginen garin.

Wata ranar Alhamis ya dawo bai taɓa abinci ba. Ya ce intanet ɗin hawa biyu na yankewa, domin Kawu ya kwafi saitin na'ura ɗaya ya zuba wa sauran, duk suka ɗauki adireshi guda. Idan aka zo dubawa a haka, an karɓe aikin ke nan.

"Ba ka gaya masa ba?" na tambaye shi.

"Na ce masa ya kamata kowace ta sami nata."

"Takardar ƙa'idojin aikin me ta ce?"

Ya buɗe mini ƙa'idojin da injiniyoyin duniya suka amince da su don na'urori su fahimci juna. Akwai kalmomin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, mataki uku, kuma ba a musanya su. Maganar adireshin tana matakin farko ne, wato na tilas. Yaron ya san haka sarai. Bakinsa ne ya ƙi ce wa kawunsa "dole".

Na ce abu mai sauƙi, ya ce masa farilla, mustahabbi da halal, ai kowa ya san su. Ya girgiza kai.

"Baba, na tsakiyar ba mustahabbi ba ne. Wanda ya bar mustahabbi ba a tambayarsa dalili. Wannan kuwa ana iya barinsa, amma sai ka san abin da zai biyo baya, kuma kana da hujja."

Na sake karanta bayanin. Gaskiyarsa ne. A ɗakin labarai da na ba shi wannan maki ba tare da gardama ba. Muka zauna muka daidaita: dole, sai da dalili, ganin dama.

Washegari bayan sallar Juma'a Kawu ya zo cin abinci kamar yadda ya saba. Ɗana ya bari har aka kawo shayi.

"Kawu, maganar adireshin nan dole ce. Lazim."

Kawu ya ajiye kofi. "Ɗan Makka, yau ni kake ce wa dole? Da na fara jan waya ko tsarki ba ka iya ba."

"Haka ne, Kawu. Ni ma kaina ta fara hawa kafin ta iso gare ka. Inda za a kafa na'urorin, ganin damarka ne, ka fi ni sanin ginin. Tsawon waya, idan ka sauya, ka gaya mini dalili. Wannan ɗaya ce babu yadda za mu yi da ita."

Kawu ya dube ni. "Kai ka koya masa wannan iyayin?"

Na ce rabi nawa ne, kuma rabin nawa sai da ya gyara.

"To da ka ce ya kamata, ai na ɗauka ra'ayinka ne na 'yan boko," in ji Kawu. Ya miƙa wa ɗana kofin don ya ƙara masa shayi. "Gobe ka zo da mabuɗin hawa na huɗu. Daga can za mu fara."