Ƙwaron da Ya Raba Gwaggo da Maƙwabciyarta

Asabar: Dutse zuwa Ringim

Na bar unguwarmu Yalwawa bayan sallar asuba, taurari ba su gama ɓuya ba. Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, zan dubo a ƙauyensu kusa da Ringim. Wakenta yana yin kwanso, amma a buɗe a tarar ƙwayar ta motse. Ta ɗora laifin a kan maƙwabciyarta Iya Talatu, wadda ta yaba gonar ba ta ce tubarkalla ba. Har gaisuwa sun daina.

Bayan Jahun aka tare mu a shingen 'yan sanda. Direba ya ce mu sauka mu miƙe ƙafa, takardunsa na buƙatar dogon bayani. A bakin hanya, jikin kwanson tafasa, na ga wani ƙwaro mai launin ƙasa, cinyoyinsa na baya kamar na ɗan kokawa, ya kafa siririn bakinsa ya yi shiru kamar mai tunani. Ya burge ni, na ɗauke shi hoto. Da na taɓa shi, ya bar mini wari a yatsa.

"Hajiya, ki biya masa kujera ko mu tafi," in ji direba.

Lahadi: gonar Gwaggo

Na kwana a ɗakin Gwaggo bayan ɗanwake da man gyaɗa. Da sassafe muka shiga gona, raɓa na jiƙa mana zane. Warin jiya na fara ji, sannan na ga irin ƙwaron nan da yawa a ƙarƙashin ganye. Jikin kowane motsattsen kwanso akwai ɗigo kamar hudar allura. Na tura hotuna wa Zainab, ƙawata da ta karanci aikin gona. Ta ce mai tsotsar kwanso ne, cinyar da dogon bakin su ne shaida. A kakkaɓe su cikin ruwan sabulu tun da sanyin safiya, a fesa ruwan darbejiya. Nan take muka ɗauko kwano muka fara kakkaɓa.

Gwaggo ta daɗe tana juya kwanson. Sai ta leƙa ta kan shinge, ta ga waken Iya Talatu ma ya motse.

"Talatu, kin tashi lafiya? Ɗauko kwano ki zo."

Iya Talatu ta zo, ta dubi ƙwarin da ke iyo a kwanonmu, ta ce, "Tubarkalla. Yau dai na faɗa."

Na iso Dutse gab da magariba, warin bai bar yatsana ba. Na gode wa Allah, na gode wa 'yan sandan da suka tsayar da mu.